Hannun Malam da Na Ara

Lokacin da abin ya faru ina shekara ta biyu a kwalejin horon malamai. Ni mutum ne marar magana, ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, ba ni da aboki sai littafi da fensir. Wanda ya koya mini zane shi ne tsohon malaminmu na firamare, wanda gonarsa ke iyaka da tamu. Injin sussuka ya taɓa cire masa yatsan tsakiya na hannun dama, saboda haka a karkace yake riƙe alƙalami. Na zana hannun nan ya fi a ƙirga, domin yakan ce mini wanda ya iya zana hannu ya iya zana mutum. Shi ne kuma sakataren ƙungiyar malamai a yankinmu.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, sai aka shiga ce-ce-ku-ce kan wata doka da ake cewa za ta ɗaure ƙungiyoyin ƙwadago, ta hana yajin aiki. Ɗalibai masu jaridar bango suka roƙe ni zanen barkwanci. Na zana ɗan takara cikin babbar riga, ba fuska, yana miƙa hular jam'iyya, ga hannun wani shugaban ƙwadago yana rattabawa a takardar dokar. Allah ne shaidata, ba wanda nake nufi. Sai dai ba na son aiki a gurguje, don haka na buɗe tsohon littafina na kwafi hannun da ya fi kyau. Na gyara inuwa, na gyara farce, amma ban mayar da yatsan ba.

Wani ya ɗauki hoton zanen a waya, kafin kasuwa ta sake ci ya iso garinmu. Ba wanda bai gane hannun Malam ba. Malamai 'yan'uwansa suka ce tunda ɗalibinsa ne ya zana, to ɗalibin ya san wani abu, suka matsa wa Malam ya sauka daga muƙamin sakatare. A majalisar hira aka riƙa tambayarsa ina hular. Babana ya aiko in zo in yi wa mutane bayani, amma kunya da tsoro suka riƙe ni a makaranta har mako uku. Wannan shirun ya fi zanen muni.

Ranar da na je, na sami Malam a gona yana tara kara, ya riga ya miƙa takardun ƙungiya. Na durƙusa, na miƙa masa ainihin zanen. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Hannun ya fita, ɗana. Amma ban koya maka ka ba hannu aikin da bai yi ba." Ya ce ya yafe. Daga baya na yi bayani a ƙofar masallaci, wasu suka yarda, wasu suka ce lallashina aka yi. Har Allah ya karɓi ransa bai koma ƙungiyar ba.

Na koyi cewa zane ya fi mai shi gudu, kuma bayanin da ya makara ba ya kamo shi. 'Yan'uwa masu zanen siyasa, ku soki doka, ku soki 'yan takara, amma kafin ku saki takarda ku duba jikin wa kuka ara. In kuma kun yi kuskure, ku yi magana tun ranar. Ni har yau in na zo kan hannu, sai in tsaya in ƙirga yatsu.