Atu da Motar Marigayi Sambo

A Tambuwal, duk wanda motarsa ta yi masa gardama, Atu Makanike ake nuna masa. Shekara talatin ke nan yana gindin dogon yaron nan na bakin hanyar Sakkwato. Ba shi da allon suna, ba shi da yawan magana, kuma yana da wani hali mai ƙona ran masu gaggawa: ba ya ɗaukar sifana sai ya gama tambayoyi kamar alƙali. Ni dai ban taɓa ganin ya kwance abin da bai lalace ba.

Bara bayan damina aka zo da babur aka ɗauke shi zuwa wani ƙauye a ƙasar Kebbe. Wani direba ne, Sambo, ya rasu ya bar a-kori-kura. Tun ranar jana'iza babu wanda ya iya taɓa motar, don kunyar matarsa Batula da ke takaba. Motar na nan bayan rumbu har wata huɗu da kwana goma. Da aka zo rabon gado, mota ta ce ba ta san zancen ba. An sa sabon batir, an zuba mai, an yi ta turi har kowa ya yi gumi. Ƙannen marigayin suka yanke cewa inji ya mutu, a sayar wa 'yan gwangwan ranar kasuwa. Batula kuwa da motar take fatan babban ɗanta Rufa'i ya ci gaba da jigilar gero da albasa, ya riƙe gidan.

Atu ya fara yin ta'aziyya tukuna. Sannan ya tambaya tun yaushe motar take tsaye, kuma a ina. Ya duba, wuta na zuwa filogi, mai na isowa. Ya sa Rufa'i ya murɗa makulli, shi kuma ya kasa kunne. Injin ya yi tari sau biyu ya shaƙe.

Sai ya bar mutane cunkushe a gaban mota ya zagaya baya ya durƙusa. Wani ƙanen marigayin ya yi dariya, wai tsufa ya sa makanike ya manta inda inji yake. Atu ya zura waya cikin salansa, wato bututun hayaƙi, ya yi ta sakata, busasshiyar laka na zubowa dunƙule-dunƙule.

"Motag ga ba ta da ciwon komi," in ji shi. "Zanzaro na yay yi gida, yat toshe mata numfashi."

Murɗa ɗaya ta tashi. Ana cikin kabbara da tafi, Atu ya jiyo kukan mace daga cikin gida. Batula ce, ta ji ƙarar da ta saba ji duk ranar da mijinta ya dawo daga kasuwa. Tausayi ya kama shi sosai. Rufa'i ya kai hannu zai kashe injin, tsohon ya riƙe masa hannu.

"Bar ta ta ɗan jima, ɗana. Innakka na saurare."