Jar Saniyar da Baba Ya Rufe da Ciyawa

Shekara bakwai ke nan da aka kai mahaifina, Malam Hamisu mai zane, makwancinsa a garin Ƙofa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Har yanzu idan na buɗe ɗakin aikinsa, warin fentin mai da kananzir ne ke fara tarbata, kamar mai ɗakin ya ɗan fita alwala ne.

Da rubuta allunan shaguna da ƙawata bayan manyan motoci ya fara. Daga baya ya yi karatu ya zama malamin zane a wata sakandare a Bebeji, amma Asabar da Lahadi nasa ne. Yakan ɗaure katakonsa a bayan babur ya nufi bakin ruwan Bagauda ko duwatsun Doguwa, ya zauna yana kallo har masu wucewa su ɗauka jiran wani yake yi. Fentin mai ba ya son gaggawa. Sai ya shafa launi ɗaya ya bar shi kwanaki ya bushe, sannan ya ɗora wani a kai. Ina ƙarama nakan tambaye shi yaushe zai gama, ya ce in tambayi fentin.

Yau kowa na yawo da kyamara a aljihu. Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yadda muke ɗaukar hoto talatin kafin shayi ya huce. Ba na jin zai yi faɗa. Zai karɓi wayata ne ya juya ta, ya ce, "To, kin kalli abin kafin ki ɗauka?"

Akwai zane guda da ya sauya masa hannu. Ina da shekara tara ya zana garken abokinsa Buba, wani makiyayi da ke zaune a wajen Kiru. Shanun Buba duk farare ne. Baba ya ga farin ya yi yawa, sai ya ƙara wata jar saniya mai dogayen ƙaho a gefe, daga kansa kawai. Ya jingina zanen a ƙofar gida ya sha iska, masu zuwa kasuwa suna tsayawa kallo.

Bayan mako guda sai ga Buba, bai ko zauna a tabarma ba.

"Malam, shanuna goma sha tara ne. Wannan ta ashirin ɗin ta wane ne?"

"Ta zane ce, Buba. Ido yana son inda zai sauka."

"To idon 'yan kasuwa ya sauka. An sace wa wani jar saniya a Tudun Wada bana. Jiya na yi sallama a majalisa, mutum biyu ne suka amsa mini."

Ban taɓa ganin kunya a fuskar Baba kamar ranar ba. Ya ce, "Na yi maka alkawari ba mai ƙara ganinta." A gaban Buba ya haɗa kore da ruwan ƙasa ya rufe saniyar da doguwar ciyawa. Washegarin kasuwa ya bi shi har majalisar ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ƙirƙiro ta. Ya so ya ba Buba zanen, Buba ya ce bukka ba ta da bangon rataya. Tun daga lokacin Baba bai sake sa wani abu a zane ba sai wanda ya gani da idonsa. Idan hoto ya rasa ja, yakan jira rana ta yi ƙasa ta kawo masa.

Watan jiya tsofaffin ɗalibansa suka ce za su yi baje kolin ayyukansa a Kano. Na sauko da zanen garken na fito da shi tsakar gida in kakkaɓe, sai idona ya sauka a gefensa. Ga ƙaho biyu suna leƙowa ta cikin ciyawa, ga doron baya ja-ja kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya bayyana mini cewa fentin mai yakan yi shara-shara idan ya tsufa, abin da ke ƙasa ya fara bayyana. Ya ce zai iya sake rufe ta da yamma ɗaya.

Na kwana biyu ina juya maganar. In na bar ta, na karya alkawarin da Baba ya yi, a gaban jama'ar birni kuwa. In na bari aka rufe, hannun wani ya hau kan aikinsa, ba kuma zan sake sanin inda nasa ya tsaya ba. A rana ta uku na naɗe zanen da zanin Umma, na hau mota zuwa Kiru, daga can ɗan acaɓa ya kai ni ruga.

Baffa Buba ya tsufa. Burtalin da yake bi a da ya zama gonaki, shanu huɗu kacal na gani a ɗaure. Bayan mun gaisa ya yi wa Baba addu'a, na buɗe zanen. Ya goge hannunsa a riga duk da bai taɓa ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a iska yana kiran sunayensu da Fulatanci, yana gaya mini wadda ta haifi wadda, da wadda aka sayar, da wadda rani ya ci. Da ya iso gefe sai ya matso da ido. Can ya fashe da dariya har da tari.

"Ja'ira! Ta cinye ciyawar ta fito."

Na ce, "Baffa, Baba ya yi maka alkawari. Na zo ne ka ce mini in sa a rufe ta."

"'Yata, ya cika alkawarinsa ranar da nake buƙata. Masu maganar yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, shanun wancan lokacin ma babu ko ɗaya sai a nan." Ya sake dubanta. "Shekara goma sha bakwai tana kiwo cikin nawa, ba ta taɓa shiga gonar kowa ba. Ki bar ta. Duk wanda ya tambaya, ki ce ta Buba ce, Malam ne ya ba shi."

A hanyar dawowa na rungume zanen a cinyata ina kallon dawa tana wucewa ta taga. Baba bai yi suna ba, yawancin zane-zanensa suna gidajen da aka ba su kyauta. Amma ya bar wa wani tsoho garkensa cikakke a lokacin da daji ya kasa riƙe masa shi, ya kuma bar mini misalin mutumin da ya fifita mutuncin abokinsa a kan kyawun aikinsa.

Jiya masu baje kolin suka kira suna tambayar sunan da za a rubuta a ƙarƙashin zanen. Na ce su rubuta: Shanun Buba, guda ashirin.