Faretin Mutum Ɗaya

Rilwanu yana goge keken guragu, kamar kullum kafin fasinjoji su fito a filin jirgin Madina, sai ga wani Bature mai jan gemu cikin masu Umara. Kafaɗunsa irin na soja ne. Ƙafarsa ta hagu ta ƙarfe ce, kuma da alama sabuwa, don kowane taku sai ya ciji leɓe. Ya ɗaura ƙyalle shuɗi da rawaya a jakarsa.

Rilwanu ya tura masa keken. "Tafaddal, hau, ya Hajji, ƙofar da nisa."

Mutumin ya girgiza kai, ya amsa da gwarancin Larabci. "Ni ɗan Yukren ne, yau ranar 'yancinmu. A da sojoji kan yi fareti, yanzu yaƙi ya hana. To, ni zan yi."

Wataƙila ya taɓa takawa bayan ganga da ƙafafu biyu. Ya ɗaga haɓa, ya fara takawa yana kaɗa hannu. A tsakiyar zauren ya yi tangaɗi, Rilwanu ya matso da keken, amma mutumin ya tsaya daram. Masu shara suka janye tsintsiya, suka ba shi hanya. Ƙofar gilashi ta buɗe, ya fita cikin hasken Madina da ƙafarsa, ƙarfen yana amsa kuwwa.