Kujerar Baya

Motar ta girme ni. A Amurka aka ƙera ta, aka sako ta a jirgin ruwa domin manajan masaƙar da Baba ke yi wa direba. Doguwa ce baƙa, kujerunta kamar na falo, giyarta a jikin sitiyari, ga shan mai ba kunya. Shekara da shekaru Baba yana jan manaja, ya buɗe masa ƙofar baya, ya rufe. Da masaƙa ta durƙushe aka yi gwanjon kaya, kowa ya sayi abin da zai amfane shi. Baba ya sayo motar. Mama ta yi sati ba ta yi masa magana ba.

A gidanmu na unguwar Television rabinta kawai ke shiga rumfa, sauran rabin ruwa da rana su raba. Ko a Amurka an daina yin irinta, kayan gyara sai an yi cigiya. Mun yi tsalle a kujerar baya muna yara, mun yi barci a kai, akuyar Kirsimeti ma ta taɓa hawa. Baba kaɗai bai taɓa zama a can ba. In an yi masa magana sai ya ce, "Wa zai ja?"

Da aka sa ranar aurena ya samu amsa. Uban amarya ba ya tuƙi. Kawu, ƙanen Mama, shi zai ja, Baba kuma ya zauna baya kusa da ni har ƙofar coci. Har babbar riga ya ɗinka.

Ranar muka shiga muka zauna. Kawu ya murɗa makulli, motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Batir ya mutu. Maƙwabcinmu Alhaji ya leƙo ya ce, "Baba, ga tawa nan, a ɗauki amarya." Na ga Baba ya damƙe gwiwarsa. Sai wani daga baya ya ce, "A tura ta mana, yanzu za ta tashi." Baba ya gyara zama.

Mazan layinmu suka sa kafaɗa. Da suka gaji matan zumuntar cocinmu suka ɗaure zani suka karɓa, da waƙarsu. Kawu yana ta lalube da ƙafa yana tambaya ina kulocin. Gilasan na lantarki ne, ba sa sauka. Hoda ta narke mini har wuya, na yi fushi, na yi kuka. Baba kuwa ya jingina, ya ɗora hannu a kan matashin tsakiya, yana gyaɗa wa masu shago kai.

Da turi muka isa coci, ango ya gaji da duba hanya. Sai a lokacin Baba ya yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Irin wannan ba ta da kuloci, ba ta tashi da turi."

"Baba, ka sani?"

"Shekara nawa ina jan ta?"

Na jira ya fita in huce a kansa, amma bai motsa ba. Ya gyara hannun riga yana kallon gaba, kowa kuma ya taru a gefena yana guɗa. Na tattara farar rigata na fita, na zagaya doguwar motar nan, na buɗe masa ƙofa.