Ranar da Jibo Ya Kira Sunan Surukinsa

Jibo, Allah ya jiƙansa da rahama, sai da ya shekara ashirin a duniya bai ga ruwan da ya fi tapkin garinsu ba. Ɗan wani ƙauye ne a gefen Kore Mairuwa, ɗan manoman gero, gajere, mai faɗin kafaɗa da dariyar da ake ji daga bayan gari. Cin rani ne ya kai shi Gaya. Ya fara da dakon buhunan albasa a bakin kogi, har wani tsohon matuƙin jirgi ya ga hankalinsa ya ɗauke shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe da hannun inji.

Ranar da ya dawo gida baki ɗaya, ya zo da wani ƙaramin jirgin ƙarfe ɗaure a saman babbar mota, da inji naɗe cikin bargo. Mutanen gari suka taru suna kallo. Wani makiyayi ya zagaya jirgin sau biyu, ya tambaya ko kwamin shayar da shanu ne, ya ce in shi ne to ya yi zurfi, maruƙa za su faɗa. Jibo ya yi dariya har da hawaye.

Tapkin garin yakan cika da damina, ya riƙe ruwa har bayan kaka. A nan Jibo ya sa jirginsa, don shan iska kawai, ranar Juma'a da yamma da ranakun Sallah. Kafin a yi nisa, malaman lakwal, wato makarantar boko, da 'yan kasuwar Dogon Dutsi sun fara zuwa a kan babura da iyalansu, a zaga da su, su ɗauki hoto.

Abin da yawancinsu ba su sani ba, da rani Jibo yake koyon ruwan. Idan tapkin ya ƙafe ƙasa ta tsage, sai ya bi cikinsa da ƙafa, ya san inda kowane kututturen gawo yake, da kowane ramin da masu yin tubali suka gina. Ruwa na dawowa ya rufe su, shi yana ganinsu a ransa. Mutum takwas yake ɗauka, na tara ko limamin gari ne sai ya jira. Kowa sai ya sa rigar ruwa, shi ma haka. Akwai wata jar igiya da yake ɗaurewa a wuyan hannunsa, wadda in ya faɗa ruwa za ta fizge ta kashe inji. Da ya hango hadari ya haɗo a gabas zai juyo, ko ana roƙonsa. Kuma ba a tsayawa tsaye a jirginsa. Wannan kam yakan faɗa tun a tudu, ya maimaita.

Matsala ɗaya ce. Duk bakin tapkin laka ce mai cin ƙafa, in ban da wuri guda mai tsakuwa, a gefen gonar Malam Abdulwahabu, mahaifin matarsa Hindatu. Can kaɗai jirgi ke iya tsayawa mutane su shiga. Tsohon bai taɓa son abin ba. Masu zuwa suna taka masa wake, kuma a ganinsa wasa ne da rayukan 'ya'yan mutane. A damina ta biyu ya aiko da saƙo: ranar Babbar Sallah zai shiga da kansa ya gani. In bai gamsu ba, a fidda jirgin daga gonarsa. Jibo ya san fita daga nan fita daga ruwa ne gaba ɗaya.

Jibo kuwa mutum ne mai kunyar suruki irin ta da. Shekara tara da aure, bai taɓa haɗa ido da tsohon ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa kuwa ko wani mai sunan ya gamu da shi sai ya ce masa mai sunan Baba. In yana da magana, ta bakin Hindatu take bi, ko ta bakin Mani, amininsa tun suna yara.

Ranar Sallah da la'asar Malam Abdulwahabu ya iso cikin farar babbar riga, da ƙannensa biyu da samari huɗu na gidansa. Jibo ya durƙusa ya gaishe shi, ido a ƙasa. Sannan ya juya wajen Mani, alhali tsohon na tsaye taku biyu daga gare shi, ya ce a gaya wa Baba ya sa rigar ruwa. Tsohon ya ce a gaya wa yaron shi ba ya sa kayan wasan yara a kan rigar Sallah. Jibo ya ce a gaya wa Baba inji ba ya tashi sai an sa. Mani ya yi ta kai da kawowa tsakanin mutum biyu masu jin juna sarai, har tsohon ya gaji ya zura hannuwa. Mani ya shiga ya cike na takwas.

Tafiya ta yi daɗi. Jibo ya fita a hankali, sai da suka bar bakin ruwa ya ƙara wuta kaɗan. Iska ta bugi gemun tsohon, aka ga yana ɓoye murmushi. Har ya nuna wa ƙannensa inda suka taɓa kama wani ƙaton tarwaɗa suna samari.

Suna kusa da ɗaya gaɓar, daidai kan ramin masu tubali inda ruwa ya fi tsayin mutum biyu, tsohon ya hango wani abokinsa na ƙuruciya zaune a gindin tsamiya. Sun shekara ba su haɗu ba. Ya manta da inda yake, ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu. A gidan Malam Abdulwahabu ba a zama in babba na tsaye. Ƙannensa suka miƙe, samarin huɗu suka miƙe, duk suka karkata gefe guda don su ma su gaisar. Jirgin ya kwanta, ruwa ya fara zubowa ta baki.

Jibo bai kashe wuta gaba ɗaya ba, don ya san jirgi na tsayawa farat ɗaya na tsaye za su kife. Ya sassauta a hankali, ya jefa nauyinsa ɗaya gefen. Ya dubi Mani, Mani na riƙe da benci ido rufe yana salati. Sai ya dubi surukinsa cikin ido.

"Abdulwahabu, zamna!"

Tsohon ya zauna daɓas. Sauran suka bi shi. Jirgin ya yi rawa sau biyu ya daidaita, ruwa na wasa da gefen farar rigar. Jibo ya juyo da su gaɓa. Tsohon ya cire rigar ruwa, ya miƙa wa Mani, ya tafi gida bai waiwaya ba.

Kwana uku Jibo bai iya cin tuwon kirki ba. Ya kwance inji ya kai ɗaki. Hindatu tana tausayinsa, amma duk lokacin da ta tuna sai ta shiga madafa ta yi dariyarta ta fito. A rana ta huɗu ya sayi goro ƙwarya guda, ya aiki Mani ya ba da haƙuri, ya kuma ce a gaya wa Baba gobe za a fidda jirgin.

Mani ya tarar da tsohon a zaure yana gyaran hauya. Ya saurari saƙon har ƙarshe, ya ɗauki goro ɗaya ya fasa.

"Tun da uwata ta rasu ba wanda ya ƙara kirana haka," in ji shi. "Na zamna tun ban san mai kiran ba. Ka ce mai, in da ya tsaya neman ɗan aike, da yau ana zaman makoki gida huɗu. Ya maida injinsa. Amma waken da aka taka mani, shi za ya sake shuka shi."

Jibo ya sake shuka waken, ya yi shinge da ƙaya, ya bar 'yar hanya zuwa bakin ruwa. Damina shida ya ƙara yana tuƙi a tapkin, ba a taɓa jin ko hular wani ta faɗa ruwa ba. Tsohon ya shiga jirgin sau da yawa bayan nan, a bencin tsakiya, hannu biyu riƙe da katako, in wani ya motsa shi ke fara tsawatawa.

Bara da bazara zazzaɓi ya kwantar da Jibo kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Mu da muka taso tare da shi har yau in mun bi ta bakin tapkin sai mun rage tafiya. Ƙanin Hindatu, ɗaya daga samarin nan da suka miƙe tsaye, shi ke tuƙi yanzu. Da rani ya bi cikin tapkin da ƙafa yana duba kututture, Malam Abdulwahabu na biye da shi da sanda yana cewa bai duba da kyau ba.