Sunan da Iya Ta Ƙwace wa Rabi

Iya, kakarmu ta wajen uwa, awara take soyawa a ƙofar gidanmu a Panshekara. Bayan magariba, in ma'aikatan kamfanonin fata na Challawa sun saya sun watse, sai ta bar mana sauran wutar mu kewaye. Ga warin ruwan jima, ga sauro, amma ko a jikinmu. Iya ta iya labari. Sai dai, Allah Ya gafarta mata, tausayi bai dame ta ba.

Da ƙuruciyarta ta yi aikatau a Bompai, a gidan wani injiniyan masaƙa mutumin ƙasar Filifin. Matarsa, Madam Mandoza, ta ji Hausa sosai, kuma a bakinta Iya ta kwaso labaran tsibirai da jiragen ruwa da babu kakar da ke da irinsu a unguwarmu.

A cikinmu akwai Rabi, 'yar ƙanwar mahaifiyata, marainiyar uwa. Babanta Garba ya yi faɗa da abokin aikinsa a kamfanin fata, ya soke shi da wuƙar kankare fata, mutumin ya mutu, aka kai Garba gidan yari. Dangin mamacin suna nan bayan layinmu. Duk da haka, ko wa ya tambayi Rabi sunanta, sai ta ɗaga kai ta ce Rabi Garba. Wannan abu yana ƙona wa Iya rai.

Ran nan ba ta jira mun roƙa ba. Ta ce, "Yau babu Gizo. Wannan ta faru, ku buɗe kunne."

Ta ce da Turawan Sifaniya suka ci ƙasar su Madam, sai suka ga sunayen mutanen suna yi musu wuyar riƙewa. Sai suka raba musu nasu sunayen, gida-gida, kamar rabon naman layya. Wani ƙauye kusan rabinsa ya tashi da sunan Mandoza, masunci da manomi da mai kaɗa ƙararrawar coci, ba dangin iya ba na baba. Ana nan sai wani Mandoza ya sare wani hafsan Turawa da adda, ya shige daji. Sojoji suka zo suka tara jama'a a gaban coci, suna tambayar suna ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ce Mandoza, sai a ware shi a jikin bango.

"Akwai wata mata da 'ya'yanta biyu," in ji Iya, tana gyara itace. "Ta raɗa musu wani suna daban. Babban ya faɗa, ya wuce. Da aka zo kan ƙaramar, mai taurin kan tsiya, sai ta ce ita sunan ubanta Mandoza. Aka komo da yayanta, aka jawo uwar. A gaban yarinyar aka fara harbe su, don ta ga aikin bakinta. Ita aka bari ƙarshe."

Iya ta zaro itace mai jar wuta a baki, ta miƙa shi har kusa da fuskar Rabi.

"Ke, mene ne sunanki?"

"Rabi Garba."

Iya ta ƙara matso da shi. Na ji ƙaurin bakin ɗankwalin Rabi.

"Ban ji ba."

Rabi ta rufe ido, hawaye na zuba. "Rabi Panshekara," ta ce.

"Yauwa. Tashi ki wanke kasko."

A satin nan aka canza mata suna a makaranta. Babu wanda ya yi mamaki, don yara da yawa da sunan garinsu suke karatu. Da shi ta gama sakandare, da shi ta sami aiki a wani kamfanin alewa a Sharada.

Da Garba ya fito, ya tsufa, idonsa ɗaya ya mutu. Iya ta rasu, mun tashi daga Panshekara. Wani ya ce masa 'yarsa tana aiki a Sharada, sai ya dinga bin ƙofofin kamfanoni yana tambayar Rabi Garba. Har ƙofar kamfanin su Rabi ya je, maigadi ya ce babu mai wannan suna. Ba mu sani ba sai bayan an binne shi a garinsu, da wani tsohon maƙwabci ya ba mu labari.

Na girma na karanta cewa rabon sunayen nan gaskiya ne, kuma har yau sunan Mandoza yana kan likitoci da alƙalai da malamai a can. Abin da ke ci mini rai shi ne, yarinyar labarin ta mutu a kan sunan da makasanta suka laƙaba mata, alhali na Rabi nata ne na halak.

Ranar da na je yi wa Rabi gaisuwar rasuwar babanta, tana zaune a tabarma, ba ta kuka. Can ta dube ni.

"Yaya Binta, ita matar da ta ba Iya labarin nan, wane suna kika ce ana kiranta?"

Na ce, "Madam Mandoza."

Ta jinjina kai. "Ashe ita an bar mata nata."