Baba Mai Sakace da Tsagar Tsohuwar Gada

Ƙarfe shida da rabi na safe a bakin tsohuwar gada take yi masa, yau shekara talatin da uku ke nan. Yakan jingine kekensa a jikin turken fitila na farko, ya kwance buhun da ke ɗaure a baya, ya fito da kayan aikinsa: tsintsiya mai tauri, ƙaramar guduma, da wani ƙarfe mai tsawon kamu biyu wanda shi da kansa ya lanƙwasa masa baki. Daga nan sai ya durƙusa. A kowane ƙarshen gadar, inda jikinta ya haɗu da titi, akwai wasu ƙarafa masu kama da haƙora da suka shiga juna. Ƙasa da tsakuwa da marafan kwalba da ƙusoshi sukan cika tsakaninsu, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cirowa. Abin da ya sa masu shagunan bakin gada suka raɗa masa Baba Mai Sakace ke nan. Sunan ya bi shi har gida, jikokinsa ma da shi suke kiransa in sun tabbatar ba ya kusa.

A takardun ma'aikatar ayyuka, leburan kula da gada ne, a mataki na can ƙasa. Kogi ne ya raba birnin gida biyu, gadoji huɗu suka haɗa shi. Uku sababbi ne, manya, motoci ke bin su a guje, ba mai tsayawa a kansu. Tsohuwar ita ce ta tsakiya, ita ke sauke mutum a ƙwaryar gari, daidai inda tituna uku suka gangaro suka haɗu: na bankuna, na masu yadi, da wanda ya bi ta bayan tsofaffin ɗakunan ajiya na bakin ruwa. Duk wanda ke kwana a ƙetare yana neman abinci a cikin gari, sau biyu yake taka ta a rana.

Ba wanda ya kai mai gyaran takalma ganin aikin Baba, don rumfarsa a gindin matakalar gadar take, kuma sun fi shekara ashirin suna gaisawa. Gaisuwar tasu ba ta wuce tsiya.

"Likitan haƙori, yaya majinyaciyar ta kwana?"

"Ta fi takalmanka lafiya. Ita ba a dawo mini da ita bayan kwana biyu."

Mai gyaran takalman ne ya ba da labarin shekarar da kogi ya cika ya batse, itatuwa da tarkace suka taru a jikin ginshiƙin tsakiya har ruwa ya fara juyawa a wurin. Ya ce Baba ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka, ya yi kwana huɗu yana ture su da doguwar sanda. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya zo daga ofis ya gani. Da aka tambaye shi daga baya, cewa ya yi ai ranakun aiki ne.

Baba, kai ne wanda dubban mutane ke ratsewa kullum ba su san fuskarka ba, sai ƙeyarka da bayan rigarka. Kai ne ka san ramukan zubar ruwa arba'in da shida da ke jikin gadar nan, ka san wanda ke fara toshewa in hadari ya haɗo. Kai ne ke bin notuna da guduma kana kasa kunne, wanda ya yi sako-sako ka ji shi tun kafin ido ya gani.

Shekara biyu da suka wuce hukumar birni ta tashi farfaɗo da ƙwaryar gari, kuma a faɗi gaskiya aikin ya yi kyau. Ɗakunan ajiyar da suka zama gidan jemagu an mayar da su shaguna. An shimfiɗa hanyar ƙafa a bakin ruwa, an dasa itatuwa, an karkatar da motoci zuwa sababbin gadoji. Tsohuwar gada aka bari a ƙarshe: za a kankare kwaltarta, a shimfiɗa tayil, a sa kujeru da fitilu, ta zama ta masu tafiya a ƙasa kawai. Baba ya yi murna, ya ce tsohuwa za ta huta da nauyi. Lokacin da magina suka iso kanta, saura wata uku ya yi ritaya.

To a tsakiyar gadar, daidai kan ginshiƙin tsakiya, akwai wani layi da ya ratsa titin daga gefe zuwa gefe. Ba shi da haƙoran ƙarfe irin na ƙarshen gada. An sha zuba masa kwalta, kwaltar tana sake darewa, duk wanda ya gan shi zai ce tsagewa ce. Masu zana aikin ma haka suka ɗauka, domin takardun ginin gadar na asali sun daɗe da lalacewa, da abin da ido ya gani suka yi aiki. Suka rubuta a cike tsagar da siminti a ɗora tayil a kai.

Baba ya san ba tsagewa ba ce. Gadar biyu ce aka kafa kai da kai a bisa ginshiƙin, aka bar musu tazara da gangan, saboda ƙarfe in ya sha rana miƙewa yake yi, in ya ji sanyi ya takura. Da safe yatsunsa uku ke shiga tazarar, da azahar biyu, su ma da ƙyar. Tsohon da ya gaji aikin a hannunsa ne ya nuna masa haka a makonsa na farko, ya ce masa ranar da aka toshe wurin nan, gadar za ta nemi inda za ta miƙe ta rasa, sai ta huce a kan ginshiƙin.

Ya sami shugaban maginan yana tsaye da zane a hannu.

"Ɗana, wannan wurin ba a cike shi. Ta nan take numfashi."

"Wa ke numfashi, Baba?"

"Gadar."

Shugaban maginan ya juya wajen mutanensa. "Kun ji fa, gada na numfashi. Baba, in ta fara tari ka gaya mana mu kawo magani." Da aka gama dariya ya buɗe zanen ya nuna masa da yatsa. "Ni abin da ke takarda nake yi. Kawo mini wata takardar in bari."

Sau biyu Baba yana zuwa ofis. Zuwan farko aka ce injiniya tana taro. Na biyu akawu ya ce lebura ba ya ganin injiniya kai tsaye, sai dai ya rubuta ta hannun shugaban sashensa, shi kuwa shugaban sashen yana hutu. Baba ya sa 'yarsa ta rubuta masa wasiƙa, ya kai ya ajiye a teburin akawun. Ran Laraba da la'asar aka zuba simintin, aka jera tayil a kai.

Ran Alhamis ya zo a kan lokacinsa, ya yi aikinsa na kullum, sannan ya zauna ya jira rana ta ɗaga, mutane su cika gadar, don kada a ce a ɓoye ya yi. Sai ya je tsakiya ya durƙusa, ya sa ƙarfensa ya fara ɗaga tayil. Goma sha huɗu ne a layin. Ya ɗaga su a hankali ya jera a gefe, ya shiga ƙwaƙule simintin tun bai gama ƙanƙamewa ba. Mai gyaran takalma ya hau matakala da gudu, allura a hannu.

"Kai Mai Sakace, kanka ɗaya kuwa? Saura maka wata uku fa!"

"Na sani."

"To ka bari ka fita lafiya mana. In ma faɗuwa za ta yi, ta faɗi a hannun wani."

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Kai a gindinta kake zama."

Kafin azahar an kawo masa takardar dakatarwa. Laifin da aka rubuta shi ne ɓarnata kayan hukuma, kuma kwamitin ladabtarwa zai zauna a kansa bayan mako guda. Mutumin da ko takardar gargaɗi ba a taɓa sa wa a fayil ba, ga shi ana maganar ko ta ƙofar ritaya zai fita ko ta ƙofar kora.

Mai ɗakinsa ba ta ɓoye abin da ta ce masa ranar ba, ita da kanta take ba da labarin. Yana shigowa da keken da rana tsaka ta san ba lafiya ba. Da 'yarsu ta karanta musu takardar, sai ta ajiye wankin da take yi.

"Malam, shekara talatin da uku kana fita da sassafe, ban taɓa ce maka don me ba. Yanzu da za a tara mutane a yi maka sallama ta mutunci, shi ne ka je ka ɗauko mana kora? Me zan ce wa surukanmu?"

"Ki ce musu tayil goma sha huɗu na ɗaga, ko ɗaya bai fashe ba."

"Ai kuwa za su ji daɗi."

Ta ce kwana uku ba ta yi masa doguwar magana ba. Shi ma bai yi ba, sai ya zauna a tsakar gida yana gyaran keken da ba abin da ya same shi. Ta ce a nan ta gane tsoro yake ji, bai dai faɗa ba.

Ran Litinin kwamitin ya turo injiniyar aikin ta duba ɓarnar da aka yi ta rubuta rahoto. Matashiya ce, ba ta kai 'yarsa ta fari ba. Ta aika a kira shi, ya same ta a tsakiyar gada wajen ƙarfe bakwai da rabi, da tef ɗin awo da littafi a hannu.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Me ya hana ka zo ka gaya mini?"

"Na zo sau biyu. Wasiƙata tana teburin akawunku, in ba a ɗora mata kofi ba."

Bai yi mata dogon bayani ba. Abu ɗaya ya roƙa: ta auna tazarar yanzu, ta dawo ƙarfe biyu ta sake aunawa, abin da ta gani shi za ta rubuta. Ta durƙusa ta auna ta rubuta. Sai ya ja ta gefen gadar, wajen shingen ƙarfen da mutane ke dafawa, ya nuna mata inda wani bututu ya shige cikin wani, daidai saitin layin. Wurin yana ƙyalli kamar sabon cokali.

"Sau tara ana yi wa gadar nan fenti a gabana," in ji shi. "Nan wurin bai taɓa riƙe fenti ba. Gogawa yake yi."

Ta daɗe tana shafa ƙarfen da yatsa. Ƙarfe biyu ta dawo, rana na dukan gadar. Ta auna, ta dubi littafinta, ta sake aunawa, ta matsa ɗaya gefen ta auna na uku. Tazarar ta ragu da kusan faɗin yatsa. Sai ta zauna a kan tayil ɗin da ya jera ta ɗauko waya. Mai gyaran takalma, wanda ya bar rumfarsa ya zo kallo, ya ji abin da ta ce da kunnensa: "Yallaɓai, a tsayar da aikin tsakiyar gada. A'a, ba shi ya yi kuskure ba. Mu ne."

Zaman kwamitin bai yi tsawo ba, amma bai tafi sumul ba. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya kai da fata cewa ko da gaskiyarsa, ya keta doka, dole a sa masa ko da gargaɗi ne, in ba haka ba gobe kowane lebura sai ya ɗauki ƙarfe. Injiniyar ta ce ta yarda, amma a fara rubuta nata gargaɗin, sannan na wanda ya bar wasiƙa kwana biyar a kan tebur, in an gama sai a zo kan na Baba. Aka janye tuhumar gaba ɗaya. An sake zanen, an sa wa tazarar murfin ƙarfe da roba mai ba ta damar motsi, yanzu mutane na taka shi ba su ma lura. Sauran makonnin da suka rage masa, injiniyar ta riƙa bin sa a kan gadar tana tambaya tana rubutawa.

Juma'ar da ta wuce aka yi masa sallama a harabar ma'aikata. Mai ɗakinsa na kujerar gaba, surukai na bayanta. Da aka miƙa masa abin magana ya juya shi a hannu, ya ce, "Na gode. Ina roƙon a riƙa barin masu tsintsiya suna shiga ofis." Ya mayar ya zauna.

Baba, kai ne ka san za ka iya rasa sunan da ka yi shekara talatin da uku kana tsarewa, ka kuma durƙusa a gaban jama'a ka yi abin da ya kamata. Mun gode, mu da ke ƙetarawa da safe mu dawo da yamma. Masu zama a ofis su yi koyi da matashiyar da ta yarda ta dawo ƙarfe biyu. Masu aiki a ƙasa su yi koyi da kai: su san aikinsu ciki da waje, su faɗi abin da suka sani, in an yi dariya su sake faɗa. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ka fita ta ƙofar da ta dace da kai, fayil ɗinka fari tas.